Yadda Shugaban Sashe Zai Rage Fashin Aiki a Asibiti Ba Tare da Tilasta wa Marasa Lafiya Zuwa Aiki Ba

A kowane asibiti akwai lokacin da shugaban sashe ya fi fargaba, wato 'yan mintunan da ke gabanin miƙa aiki, sa'ad da masu aikin dare suka gaji suna jiran a karɓe su, sai waya ta yi ƙara a ce wance ba za ta samu zuwa ba. Nan take lissafin ranar ya rushe. Majinyata 30 da aka tsara wa ma'aikatan jinya biyar sun koma hannun huɗu, ko kuma a shiga roƙon wadda ta kwana a tsaye ta daure ta ƙara sa'o'i shida. Wannan ɓarnar kowa yana ganinta, domin suna ne a jadawali babu mai shi. Akwai kuma wata wadda ba ta shiga rajista, ita ce ta ma'aikacin da ya zo, ya sa hannu, ya saka kayan aiki, alhali jikinsa na rawar zazzaɓi, ko bayansa ya riƙe har ba ya iya sunkuyawa, ko kuma ya kwana yana zirga-zirga tsakanin gado da bayi. An rubuta wannan bayani ne domin shugabannin sassa, manyan ma'aikatan jinya da jami'an kula da ma'aikata, kuma abin da ya kamata su fara riƙewa shi ne cewa igiya ɗaya ce ta ɗaure fashin aiki da zuwa aiki cikin rashin lafiya. Wanda ya matse fashi da tsananin horo ba tare da ya dubi ɗayan ba, ya tura matsalar ne zuwa inda idonsa ba ya kaiwa.

Abin da gurbi ɗaya yake jawowa

Aikin asibiti ba ya jira. Takardar ofis tana iya kwana a kan tebur, amma allurar ƙarfe biyu na dare, da juya majinyacin da ba ya iya motsi, da duba ƙarin ruwa kafin ya ƙare, dole wani ya yi su a kan lokaci. Saboda haka idan mutum ɗaya bai zo ba, aikinsa yana rarrabuwa ne a kan waɗanda suka zo. An auna illar wannan a bincike da dama. Wanda aka fi ambata shi ne na Linda Aiken da abokan aikinta, wanda aka wallafa a 2002 bayan nazarin asibitoci 168 na jihar Pennsylvania a Amurka, inda aka gano cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara a kan nauyin ma'aikaciyar jinya yana tafiya da ƙarin kashi 7 cikin 100 na yiwuwar mutuwar majinyacin da aka yi wa tiyata cikin kwanaki 30. A 2014 an maimaita irin wannan nazari a ƙasashen Turai tara, aka sami adadi iri ɗaya.

Hanyar da aka fi bi wajen cike gurbin ma tana da nata haɗarin. Wani bincike da aka wallafa a 2004 a kan ma'aikatan jinya na Amurka ya nuna cewa yiwuwar yin kuskure yana ninkawa kusan sau uku idan tsawon aiki ya kai sa'o'i 12 da rabi ko fiye. Tun a 1997 kuma masana barci a Ostareliya suka nuna cewa mutumin da ya yi sa'o'i 17 idonsa biyu, saurin hankalinsa da daidaiton hannunsa suna raguwa kamar na wanda ke da barasa kashi 0.05 cikin 100 a jininsa. Idan aka roƙi mai aikin dare ta zarce zuwa rana, an cike suna a takarda, amma wadda ke riƙe da sirinjin ta riga ta ƙare. Kwana biyu bayan haka ita ma za ta kira ta ce ba ta jin daɗi, wani kuma ya zarce dominta. Da haka sashe yake shiga zagayen da fashi ke haifar da gajiya, gajiya kuma ta haifi wani fashin.

Wanda ya zo, amma ba shi da lafiya

Na taɓa tsayawa a bayan wata abokiyar aiki da misalin ƙarfe uku na dare tana lissafin maganin wani jariri bisa nauyinsa. Mace ce mai hannu, wadda ta shekara fiye da goma a ɗakin yara, kuma lissafi ne da take yi ko a cikin barci. A daren nan ta rubuta adadi, ta soke, ta sake rubutawa, ta tsaya ta zura wa takardar ido tana share gumi a ɗakin da kowa ke jin sanyi. Da na taɓa goshinta sai na ji kamar garwashi. Ta sha maganin sauke zazzaɓi kafin ta fito daga gida domin kada a gane. Na tambaye ta dalilin da ya sa ba ta kira ba, ta ce, "Idan ban zo ba, wa zai zo?" A rajistar wannan wata babu fashi ko ɗaya a gaban sunanta, kuma a ƙa'idar da muke bi a lokacin, yabo ta cancanta.

Amsar da ta ba ni ita ce amsar mafi yawan ma'aikatan lafiya a ko'ina. A 2015 an wallafa sakamakon tambayoyin da aka yi wa likitoci da manyan ma'aikatan jinya a wani asibitin yara da ke birnin Philadelphia, inda kashi 95 cikin 100 suka yarda cewa yin aiki cikin rashin lafiya yana jefa majinyata cikin haɗari, amma kashi 83 cikin 100 suka ce sun yi hakan aƙalla sau ɗaya a shekarar da ta gabata. Manyan dalilan da suka bayar su ne gudun ɗora wa abokan aiki nauyi, da sanin cewa babu isassun ma'aikata, da gudun barin majinyatansu. Wani nazari na lokacin murar 2014 zuwa 2015 a Amurka ya nuna cewa kimanin kashi 41 cikin 100 na ma'aikatan lafiyar da suka kamu da alamun mura mai zazzaɓi sun ci gaba da zuwa aiki, kuma likitoci da masu harhaɗa magunguna ne kan gaba. Wannan yana nuna cewa jahilci ba shi da hannu a lamarin, domin waɗanda suka fi kowa sanin yadda cuta ke yaɗuwa su ne suka fi zuwa da ita.

Ɓarnar tana zuwa ta fuska uku. Ta farko ita ce yaɗa cuta ga mutanen da garkuwar jikinsu ta riga ta yi rauni, irin su jariran da aka haifa kafin cikar wata tara, da masu karɓar maganin kansa, da tsofaffi, sannan ga abokan aiki, har mutum ɗaya da ya ƙi hutun kwana biyu ya kwantar da mutum huɗu na mako guda. Ta biyu ita ce raguwar ingancin aikin kansa: jinkiri, mantuwa, tsallake wanke hannu, gajen haƙuri da majinyaci da danginsa, da kasa ɗaga majinyaci yadda ya kamata har ya kai ga faɗuwa. Ta uku tana kan ma'aikacin. A binciken Whitehall na biyu da aka yi a kan ma'aikatan gwamnati a Landan, an ga cewa mazan da ba su da cikakkiyar lafiya amma ba su ɗauki hutun rashin lafiya ko na kwana ɗaya ba, haɗarin kamuwarsu da mummunan ciwon zuciya ya ninka na takwarorinsu da ke ɗaukar hutu daidai gwargwado. Ciwon bayan da hutun kwana uku da sauƙaƙa aiki za su iya kwantarwa, idan aka danne shi da ƙwayoyi na wata shida, yakan ƙare da jinyar watanni.

A fara da ƙidaya, kuma a ƙidaya duka biyun

Mataki na farko shi ne shugaban sashe ya san ainihin abin da ke faruwa, domin abin da ƙwaƙwalwa ke riƙewa yakan zama sunan mutum ɗaya ko biyu da suka ɓata masa rai. Lissafin yana da sauƙi. A tara yawan zuwa aikin da aka tsara a wata, a tara waɗanda aka rasa ba bisa shiri ba, a raba na biyu da na farko, a ninka da 100. Alal misali, sashe mai ma'aikata 20 da aka tsara wa kowannensu zuwa aiki sau 20 yana da 400 ke nan, idan an rasa 28, fashin watan ya zama kashi 7 cikin 100. Kada a haɗa hutun shekara, hutun haihuwa da na ƙaro ilimi a wannan lissafi, tun da an san da su tun da wuri.

Jimillar kaɗai ba ta faɗin komai sai an warware ta. A duba ko fashin ya fi yawa a aikin dare, ko a ranar da ke biye da doguwar tsayuwa, ko a ƙarƙashin wani shugaban aiki guda, ko a tsakanin sababbin ma'aikata. A raba gajeren fashi mai maimaituwa da doguwar jinya, domin maganinsu ya bambanta. Idan aka ga mutane daban-daban suna fashi a wuri ɗaya na jadawali, to jadawalin ne ke da ciwo, kuma takardar tuhuma ba za ta warkar da shi ba.

Wasu asibitoci suna amfani da ma'aunin Bradford, wanda ake ninka yawan lokutan fashi da kansa sannan a ninka da jimillar kwanaki. Wanda ya yi jinyar kwana 10 a jere sau ɗaya yana da maki 10, wanda ya yi kwana biyu-biyu sau biyar yana da 250, wanda ya yi fashin kwana ɗaya sau goma kuma yana da 1,000, alhali dukansu kwana 10 suka rasa. Hikimar ita ce gajeren fashi na ba-zata ya fi rikita aiki. A ra'ayina ma'aunin yana da amfani idan an ɗauke shi a matsayin alamar da ke cewa a zauna da mutum a ji abin da ke damunsa. Idan kuwa aka mayar da shi abin yanke hukunci kai tsaye, to masu asma, da masu ciwon sikila, da masu ciwon kai na ɓari guda, da mata masu matsanancin ciwon mara su ne zai fara kamawa, kuma darasin da sauran za su koya shi ne su lallaɓo su zo ko da suna amai.

Ƙidayar masu zuwa da ciwo ta fi wuya, tun da babu rajistarta. Hanya mafi sauƙi ita ce takardar tambaya marar suna sau biyu a shekara, mai tambayoyi kaɗan: sau nawa ka zo aiki alhali ka san ya kamata ka zauna a gida, da wane irin ciwo, kuma me ya hana ka zama. Akwai ma'aunai da masana suka tsara, kamar na Jami'ar Stanford mai tambayoyi shida, amma ko tambayoyi uku da sashe ya rubuta da kansa sun isa su buɗe ido, muddin ma'aikata sun tabbata ba za a gane rubutun hannunsu a bi su da shi ba. Sashen da fashinsa ya yi ƙasa ƙwarai alhali kurakuran magani da faɗuwar majinyata suna ƙaruwa, wurin bincike ne kafin a kai ga yaba masa.

A rubuta cututtukan da ba a zuwa aiki da su

Ma'aikacin da ya tashi da asuba jikinsa ba daɗi bai kamata a bar shi yana shawara da kunyarsa ba. Idan hukuncin yana hannunsa shi kaɗai, kunya ce za ta yi nasara. Don haka sashe ya rubuta ƙa'ida gajera tare da jami'an hana yaɗuwar cututtuka, a manna ta inda ake miƙa aiki. Mai amai da gudawa ya zauna har sai ya yi sa'o'i 48 ba tare da alama ba, domin ƙwayar norobairos da ke rufe ɗakunan asibiti tana ci gaba da fita daga jiki bayan mutum ya ji sauƙi. Mai mura da zazzaɓi ya zauna har sai zazzaɓin ya sauka na sa'o'i 24 ba tare da taimakon magani ba, kuma idan ya dawo yana tari ya sa takunkumi. Mai ƙyanda ba ya dawowa sai bayan kwana huɗu da fitowar ƙuraje, mai ƙarambau sai dukkan ƙurajen sun bushe, mai jan ido da ke zubar da ruwa sai ya daina, wanda ake zargin tarin fuka kuma sai likita ya tabbatar ba ya yaɗawa. Kowace ƙasa da kowane asibiti suna da nasu ƙarin bayani, musamman ga masu aiki a ɗakin jarirai da na dashen sassan jiki, kuma shi ya kamata a bi.

Sharaɗin da ke raya wannan ƙa'ida shi ne kada a lissafa irin wannan zama a cikin fashin da ake tuhuma a kai, kuma kada a yanke albashi dominsa. Asibiti ne ya ce a zauna, saboda haka ba daidai ba ne ya juyo ya hukunta wanda ya bi umarninsa. A nan ne ya kamata a tuna da masu shara, masu tura gado, masu wanki da masu raba abinci, waɗanda sau da yawa 'yan kwangila ne ko masu aikin wucin gadi da ba a biyansu ranar da ba su zo ba. Hannunsu yana taɓa gado, ƙofa da kwano fiye da na babban likita, kuma su ne suka fi kowa dalilin ɓoye ciwo. Ƙa'idar da ta tsaya a kan masu albashin dindindin ta bar ƙofa a buɗe.

Haka kuma a sake duba kyautar da ake bai wa wanda bai yi fashi ba duk shekara. Niyyar mai kyau ce, amma wanda ya rage masa wata ɗaya ya karɓi kyautar ba zai bari mura ta hana shi ba.

A tanadi mai cike gurbi tun kafin a buƙace shi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tambayar abokiyar aikin nan, "wa zai zo?", ita ce ainihin abin da shugaba zai amsa, kuma amsar tana cikin lissafin ma'aikata. Gurbi ɗaya da ake son a riƙe dare da rana duk shekara yana cin sa'o'i 8,760. Mai aikin sa'o'i 40 a mako yana da 2,080 a takarda, abin da ke nuna ana buƙatar mutum huɗu da ɗan ɗoriya. Amma idan aka cire hutun shekara, ranakun hutu, horo da matsakaicin rashin lafiya, aka ce abin da ya rage ya kai kimanin 1,750, to buƙatar ta koma mutum biyar. Sashen da aka tsara shi a kan huɗu an gina shi ne bisa zaton babu wanda zai taɓa ciwo, kuma kowane zazzaɓi zai zame masa gaggawa. Wannan lissafi ne shugaban sashe zai ɗauka zuwa gaban hukumar asibiti, haɗe da kuɗin da ake kashewa a kan ƙarin lokaci, domin hukuma ta fi jin adadi a kan koke.

Ba kowane asibiti ne zai iya ƙara ma'aikata nan take ba, amma akwai abubuwan da ba sa cin kuɗi mai yawa. A sa sunan mai jiran kira a kowace rana, a juya shi bisa adalci, a kuma biya shi ko a rama masa da hutu idan an kira shi. Sassa masu kama da juna su haɗa 'yan ma'aikata da aka horar su iya aiki a ko'ina cikinsu. A fitar da jadawali aƙalla makonni huɗu kafin lokaci, a kuma ba da damar musaya tsakanin ma'aikata da sanin shugaba, domin fashi da yawa da ake kira rashin lafiya asalinsa wata larurar gida ce da ba a sami hanyar neman izini dominta ba. A rubuta tun da wuri ayyukan da za a jinkirta idan hannu ya yi kaɗan da waɗanda ba a taɓawa ko ta halin ƙaƙa, domin kada a bar ma'aikaciyar da ta gaji ta yanke wannan hukunci ita kaɗai da tsakar dare. Abu ɗaya da ya kamata a daina baki ɗaya shi ne cewa marar lafiya ya nemo wanda zai maye gurbinsa da kansa. Mutumin da zai buga waya bakwai yana roƙo kafin a bar shi ya kwanta zai ga zuwa aikin ya fi masa sauƙi.

Kiran waya da zaman dawowa

A tsayar da lamba ɗaya da mutum ɗaya da ake kira, da kuma lokacin da ake son a kira, misali sa'o'i biyu kafin fara aiki idan hali ya yi. Abin da mai karɓar kiran zai tambaya kaɗan ne: shin ciwon mai yaɗuwa ne, kwana nawa ake tsammani, kuma akwai wani aiki da ya rage a hannunka da ya kamata a sani. Muryar da aka amsa da ita tana da nauyi fiye da yadda ake zato. Dogon tsaki ko shiru mai nuna zargi ya isa ya sa ma'aikaci ya ƙudurta cewa ba zai sake kira ba.

Idan ya dawo, shugaba ya keɓe da shi na minti biyar zuwa goma a ranar farko, ko da fashin na kwana ɗaya ne, kuma a yi wa kowa haka ba tare da zaɓe ba. A tambaye shi jiki, a tabbatar ya warke, a ji ko aikin ne ya jawo ciwon, a sanar da shi abin da ya sauya a bayansa. Wannan ɗan zama yana aiki ta fuska biyu. Mai gaskiya yana jin an damu da shi, mai wasa kuma yana gane cewa an lura, kuma zai sake fuskantar ido da ido duk ranar da ya maimaita. A nan ne kuma ake jin abubuwan da takardar likita ba ta faɗa, kamar tsangwama daga wani babba, ko barazanar dangin majinyaci, ko ƙonewar zuciya da aiki, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2019 a matsayin yanayin da ke tasowa daga matsin aiki mai tsawo da ba a shawo kansa ba. Abin da aka ji a wannan zama amana ne, bai kamata ya zama hirar ɗakin hutu ba.

Tsakanin kwanciya a gida da ɗaukar cikakken aiki akwai fili mai faɗi da ba a cika amfani da shi ba. Ba kowane ciwo ne ke hana zuwa ba, kuma doguwar zama a gida ma tana da tata illar, domin komawa tana ƙara wuya yayin da makonni ke tafiya. Mai ciwon baya da ke samun sauƙi zai iya riƙe rubutu, karɓar majinyata ko koyar da ɗalibai na mako biyu ba tare da ɗaga kowa ba. Wadda ta tashi daga tiyata za ta iya farawa da rabin yini. Mai ciwon suga ko hawan jini da aikin dare ke rikita masa shan magani za a iya sauya masa lokacin aiki. Sharaɗin shi ne likita ya amince, a rubuta abin da aka sauke da ranar da za a sake dubawa, a kuma gaya wa abokan aiki abin da ya shafe su kawai, domin kada sauƙin ya zama abin gori.

Fashin da ba ciwo ne ya kawo shi ba

Duk abin da aka faɗa ba ya nufin a rufe ido ga wanda ke fashi da gangan. Akwai shi, kuma a wasu wurare ya yi katutu. Binciken da aka wallafa a 2006 bisa ziyarar ba-zata zuwa cibiyoyin lafiya a ƙasashe irin su Bangladesh, Indiya, Indonesiya, Peru da Uganda ya sami kimanin kashi 35 cikin 100 na ma'aikatan lafiya ba sa bakin aiki a lokacin ziyarar. Irin wannan fashi yana da nasa tushen: wani aiki na gefe, nisan wurin aiki, jinkirin albashi, rashin kayan aiki da ke sa mutum ya ga zuwansa da rashinsa ɗaya ne, da kuma sanin cewa babu abin da zai biyo baya. Shugaban da ya ƙyale shi yana zaluntar masu zuwa kullum, kuma su ne zai fara rasawa.

Hanyar ita ce matakai sanannu da aka rubuta kuma ake bi da kowa: magana a keɓe, gargaɗi a rubuce, sannan hukunci bisa dokar aiki, ana tura wanda ya ce ciwo ne zuwa ga likitan ma'aikata kafin a yanke komai. Na'urar dangwala yatsa tana taimakawa wajen samun adadi na gaskiya, amma kada a ɗora mata abin da ba za ta iya ba. A gundumar Udaipur ta jihar Rajasthan a Indiya an gwada na'urorin buga lokaci ga ma'aikatan jinya tare da yanke albashin masu fashi. A watanni shida na farko zuwa aiki ya ƙaru sosai, daga baya kuma jami'an lafiya na yankin suka riƙa ba da ranakun uzuri barkatai, na'urori suka riƙa lalacewa, har bayan watanni 16 babu wani bambanci tsakanin inda aka sa na'ura da inda ba a sa ba. Na'urar ta tsaya ne daidai inda niyyar shugabanni ta tsaya. Ban da haka, yatsa kawai take gani, ba ta san ko mai yatsan yana da zazzaɓi ba.

Manya su fara

Ƙananan ma'aikata suna karanta halin manya fiye da takardar da ke manne a bango. Idan babban likita ya zo zagayen safe yana tari a cikin hankici, yana alfaharin cewa shekara 20 bai taɓa kwanciya ba, to likita mai neman ƙwarewa da ke bayansa ya riga ya fahimci abin da ake so daga gare shi, kuma ba zai kira ranar da ya tashi da zazzaɓi ba. Shugaban sashe ya bi ƙa'idar sa'o'i 24 da 48 a kan kansa, ya kuma bari a san ya bi. Idan ya ga ma'aikaci yana tangaɗi a bakin aiki, ya sallame shi gida cikin mutunci, ya ɗauki nauyin neman madadinsa, ya kuma rubuta cewa shi ne ya sallame shi domin kada a lissafa masa.

Bayan wata shida da fara waɗannan gyare-gyare, a sake ɗauko lissafin farko a jera shi da sabo: yawan fashi, amsoshin takardar tambaya marar suna, sa'o'in ƙarin lokaci, kurakuran magani, faɗuwar majinyata, da yawan waɗanda suka nemi sauyin sashe ko suka ajiye aiki. Mai yiwuwa a ga gajeren hutun rashin lafiya ya ɗan ƙaru a watannin farko, tun da waɗanda ke ɓoyewa sun fara kira. Ya kamata shugaban sashe ya sanar da hukumar asibiti wannan tun ranar da zai fara, a rubuce, tare da adadin da yake sa ran gani ya sauka a madadinsa, wato doguwar jinya da sa'o'in da ake zarcewa bayan aikin dare.